Harafi Ɗaya a Cikin Jini: Gado, Garkuwar Jiki da Ciwon Sikila

Ilimin gadon halitta da ilimin garkuwar jiki fannoni biyu ne da aka saba karantar da su daban-daban, kowanne da littattafansa da malamansa, amma a cikin jikin ɗan Adam babu katanga a tsakaninsu, domin kayan da jiki yake kare kansa da su daga cuta gadonsu ake yi, kuma cututtukan da suka daɗe suna kashe wata al'umma su ne suke tace abin da al'ummar za ta gadar wa na bayanta. Babu inda wannan haɗuwa ta fi fitowa fili kamar a ciwon sikila, wanda Hausawa suke kira amosanin jini, ciwon da Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu shi. A wani rahoto na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da shi a ƙasar kowace shekara, kuma wajen kashi 24 cikin ɗari na jama'a suna ɗauke da ƙwayar gadonsa ba tare da sun kwanta ciwo ba. Wanda ya bi diddigin wannan ciwo tun daga tushe zai ratsa ta kusan dukkan ginshiƙan fannonin biyu.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ake kira ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar mafi yawansu akwai cibiya wadda take ajiye da wani dogon zare na sinadari mai suna DNA. Zaren na ƙwayar halitta guda, da za a warware shi a miƙe, zai kai kusan mita biyu, amma an nannaɗe shi an kasa shi ƙunshi 46 waɗanda ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Tun 1869 Friedrich Miescher ya ware wannan sinadari daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata, sai dai ba a tabbatar shi ne ma'ajiyar gado ba sai da Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna haka a 1944, sannan a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij ta ƙasar Ingila, suna dogara da hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka samar. Siffar kuwa ta igiya ce mai tufka biyu, kowace tufka jerin sinadarai ne iri huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffa A, T, G da C, kuma A kullum T take fuskanta a ɗaya tufkar, G kuma C. Wannan ƙa'ida ta fuskantar juna ita ce sirrin kwafi, domin idan aka warware tufkar biyu, kowace ɗaya ta isa ta zama abin dubawa a sake rubuta 'yar'uwarta daidai, kuma ta haka ne ƙwayar halitta take raba kanta biyu kowace ta tafi da cikakken rubutu.

A cikin haruffa wajen biliyan 3 da mutum yake gada daga kowane ɓangare na iyayensa, akwai sassa kimanin 20,000 waɗanda kowanne umarni ne na haɗa wani furotin, kuma irin wannan sashe shi ake nufi da ƙwayar gado. Furotin shi ne ma'aikacin jiki, da shi ake narkar da abinci, da shi ake gina tsoka, da shi ake yaƙar cuta, kuma shi kansa jeri ne na ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, an zura su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Ƙwayar halitta tana fara kwafar umarnin zuwa wani ɗan gajeren zare mai suna RNA, wanda yake fita daga cibiya ya kai saƙon wurin haɗawa, inda ake karanta shi haruffa uku-uku, kowane uku suna nufin amino asid guda. Tunda jerin amino asid ne yake hukunta yadda furotin zai naɗe da irin aikin da zai iya, sauyin harafi ɗaya yana iya wucewa ba a ji ba a gani, yana kuma iya juya ma'ana gaba ɗaya, kamar yadda ɗan lanƙwasa guda yake raba "kafa" da "ƙafa" a rubutun boko.

Furotin da ya shafi sikila shi ne himogilobin, wanda yake cike jajayen ƙwayoyin jini, yake ba jini launinsa, yake kuma ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta ga gaɓoɓi. An haɗa shi da sarƙoƙi huɗu, biyu ana kiran su alfa, biyu beta, kuma umarnin sarƙar beta, mai amino asid 146, yana kan kuromosom na 11. A gurbi na shida na wannan sarƙa, yawancin mutane suna da haruffan GAG, waɗanda suke nufin gulutamik asid, amma a ƙwayar gadon sikila harafin tsakiya ya sauya, aka sami GTG, mai nufin balin. Himogilobin na asali shi ake kira A, wanda ya sauya kuma S. An ɗauki kusan rabin ƙarni kafin a kai ga wannan bayani: a 1910 likita James Herrick na Shikago ya ba da rahoton jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada, a 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogilobin ɗin kansa ne ya bambanta, sannan tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin duka amino asid ɗaya ne. Wannan shi ne karo na farko da aka bi wani ciwon ɗan Adam har zuwa sauyin ɗan carbi guda a cikin furotin.

Abin da sauyin yake haifarwa ya cancanci a dube shi kusa. Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi, saboda haka da zarar himogilobin S ya sauke oksijin ɗin da ya ɗauko, wannan gurbi yakan nemi wurin fakewa a jikin maƙwabcinsa, su manne, na uku ya manne da su, har su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar. Jar ƙwayar jini mai lafiya fayau take, mai laushi, tana lanƙwashewa ta kutsa ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, tana kuma rayuwa wajen kwana 120. Wadda sandunan suka miƙar takan zama lauje mai tauri da danƙo, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take fashewa. Daga toshewar ne ake samun ciwon ƙashi mai tsanani da kumburin hannu da ƙafa a jarirai da ciwon ƙirji da shanyewar ɓarin jiki, daga fashewar kuma ake samun ƙarancin jini da shawarar da take sa ido ya yi ɗorawa. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi da wahala mai yawa duk suna hanzarta mannewar, shi ya sa iyaye suke lura ciwon ya fi tashi da hunturu da damina.

Yadda ciwon yake bin zuriya kuwa yana tafiya ne a kan ƙa'idar da Gregor Mendel ya gano a lambun wani gidan ibada a Birno, a ƙasar Cek ta yau, ya kuma wallafa a 1866, ba a kula da ita ba sai 1900. Mendel ya haɗa dogon tsiro da gajere na wani nau'in wake, zuriyar farko ta fito duk dogaye, amma da ya bar waɗannan suka haihu a tsakaninsu, sai gajere ya sake ɓullowa, ɗaya cikin kowane huɗu. Ya fahimci cewa kowane tsiro yana riƙe da kwafi biyu na kowace siffa, ɗaya daga kowane mahaifi, cewa wani kwafin mai rinjaye ne wani kuma mai laɓewa, kuma mai laɓewar ba ya narkewa, yana nan yana jiran ya haɗu da irinsa. Hausawa sun san abin da ido tun da daɗewa, domin suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna kuma cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba idan ɗa ya fito da abin da ba a gani ga iyayensa ba. Ƙa'idar Mendel ita ce ta haɗa maganganun biyu wuri guda. A 1949 James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, kowanne a nasa aikin, suka nuna cewa sikila haka take tafiya: mai kwafin A biyu shi ne AA, mai A da S shi ne AS, wanda a mafi yawan hali lafiyarsa ƙalau, mai S biyu kuma shi ne SS, mai ciwon.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, kuma a nan ne kuskure mafi yaɗuwa yake shigowa, wato zaton cewa a cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne kawai zai kamu, ko kuma cewa idan na fari ya kamu na bayansa sun tsira. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, ba ya tuna abin da ya faru da na gabansa. Lissafi ya nuna cewa a cikin irin waɗannan ma'aurata masu 'ya'ya huɗu, kusan kashi 32 cikin ɗari ba za su haifi SS ko ɗaya ba, wasu kuma za su haifi biyu ko uku, kuma wannan ne yake sa wani gida ya ce gwajin likita ƙarya ne, maƙwabcinsa kuma ya ga kamar an yi masa baki. Haka nan babu yaron da yake zama SS sai uwa da uba duka sun ba da nasu kason, saboda haka ɗora wa uwa laifi, ko sakin ta a kan ta kawo ciwo cikin dangi, zalunci ne da ilimi ba ya goyon baya ko ta wace fuska. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar kwafi biyu masu laɓewa, tunda 'ya'yan wa da ƙani suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, sai dai tasirinsa ya fi girma a cututtukan gado da ba su yawaita ba. Inda mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da S, auren bare ba kariya ba ne, domin ko da an yi auren ba zaɓi, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, haihuwa ɗaya cikin 64 kuma ta zama SS. Akwai kuma himogilobin C, wani sauyi a wannan gurbi na shida, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma idan ya haɗu da S ana samun SC, wanda shi ma ciwon sikila ne ko da yake yawanci ya fi sauƙi.

Tambayar da ta fi ɗaure kai ita ce yadda ƙwayar gadon da take kashe yara kafin su isa haihuwa ta yawaita haka, alhali hankali yana cewa ya kamata ta ƙare da kanta. Amsar ta fito a 1954 daga Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya kuma lura cewa S ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari, kuma yara AS ba su cika ɗaukar ƙwayar zazzaɓin da yawa a jininsu kamar yara AA ba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa AS yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani, irin wanda yake taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini, da wajen kashi 90 cikin ɗari. Ke nan a ƙasar sauro, AA yana fuskantar zazzaɓi, SS yana fuskantar sikila, AS ne yake tsallake duka biyu ya yi zuriya, kuma S ɗin da aka rasa ta mutuwar yara SS ana mayar da ita ta tsirar yara AS. Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙasar Hausa ta fito. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban binciken zazzaɓi a ƙauyukan Garki, a lokacin cikin Jihar Kano, yanzu a Jigawa, kuma a ɓangaren aikin da Alan Fleming da abokan aikinsa suka wallafa a 1979, an ga cewa wajen kashi 2 cikin ɗari na jarirai SS ne, amma da ƙyar ake samun mai SS a cikin manyan yara da manya, yayin da kason AS ya tashi daga kimanin 24 cikin ɗari a jarirai zuwa kimanin 29 a waɗanda suka haura shekara biyar. Waɗannan alƙaluma, idan aka karanta su da natsuwa, lissafin kaburburan yara ne.

Fahimtar yadda AS yake tsira da yadda SS yake faɗuwa tana buƙatar sanin tsarin garkuwar jiki, wanda yake hawa biyu. Hawa na farko shi ne wanda ake haihuwar mutum da shi a shirye: fata da majina da ruwan ciki mai tsami, sai wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka tarar, waɗanda Élie Metchnikoff ya bayyana a 1882. Wannan hawa yana da sauri amma ba ya tantance maƙiyi dalla-dalla, ba ya kuma riƙe tarihinsa. Hawa na biyu na wasu fararen ƙwayoyi ne iri biyu, B waɗanda suke nuna a cikin ɓargo, da T waɗanda suke ƙarasa nuna a taimos, wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji. Ƙwayoyin B suna ƙera antibodi, wato furotin mai baki biyu wanda yake kama wata alama takamaimai a jikin ƙwayar cuta, alamar da ake kira antijin, ya riƙe ta har masu haɗiya su iso. Ƙwayoyin T kuwa wasu suna ba da umarni, wasu suna kashe ƙwayoyin jiki da cuta ta shige cikinsu.

An daɗe ana mamakin yadda jiki mai ƙwayoyin gado 20,000 kacal yake iya ƙera antibodi iri-iri har biliyoyi, har da na cutar da ba a taɓa gani ba, sai a 1976 Susumu Tonegawa, ɗan ƙasar Japan, ya nuna cewa kowace ƙwayar B tana yanka DNA ɗinta ta sake haɗa gutsattsarin ta hanyar da ta keɓanta da ita, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1987. Abin da ake gada shi ne gutsattsarin da almakashin, ba ɗinkakkiyar rigar ba. Idan cuta ta shigo, ƙwayar B da antibodinta ya dace da ita takan hayayyafa, kuma bayan an warke wasu daga zuriyarta suna zama a jiki shekaru a matsayin masu tuni, su ne suke sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sakewa, su ne kuma allurar rigakafi take tayarwa ba tare da an sha wahalar ciwon ba. Wannan tuni ba ya shiga maniyyi ko ƙwan mace, saboda haka ɗa ba ya gadon rigakafin da aka yi wa ubansa. Abin da jariri yake samu aro ne, antibodin uwa da suke ratsa mahaifa a watannin ƙarshe na ciki da waɗanda suke cikin nono, musamman dakashi, wannan nonon farko mai kauri da a wasu gidaje ake matsewa a zubar bisa al'ada, alhali yana cikin mafi amfanin abin da jariri zai sha.

Kariyar AS daga zazzaɓi ta hanyoyi da dama take zuwa, kuma har yanzu masana suna auna nauyin kowace. Ƙwayar jinin AS da ƙwayar zazzaɓi ta shiga takan lanƙwashe da wuri, sai saifa ta cafke ta ta rushe ta tare da baƙon da ke ciki. Ƙwayar zazzaɓin ba ta girma sosai a cikinta inda oksijin ya yi ƙaranci. Kuma ba ta iya shimfiɗa wa ƙwayar jinin, yadda ta saba, furotin ɗin danƙo da take amfani da shi ta maƙale a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wani bincike a Kilifi ta Kenya, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna kariyar daga zazzaɓi marar tsanani tana ƙaruwa da shekarun yaro har zuwa wajen goma, alamar cewa AS yana taimaka wa garkuwar jiki ta koyi maƙiyin da sauri. Ya kamata a jaddada cewa AS yana kamuwa da zazzaɓi, yana buƙatar gidan sauro da magani kamar kowa. Kuma S ba ita kaɗai ce tabon da sauro ya bari a jinin Afirka ta Yamma ba: mafi yawan mutanen yankin ba su da antijin Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, wanda shi ne ƙofar da wani nau'in zazzaɓi mai suna vivax ya fi shiga ta ciki, kuma a Burkina Faso wani bincike na 1996 ya sami Fulani da ƙarancin ƙwayar zazzaɓi da yawan antibodi fiye da ƙabilun Mosi da Rimaiɓe da suke zaune tare da su, duk da cewa S da C ba su yawaita a cikinsu ba.

Ga mai SS kuwa, saifar nan da take ceton AS ita ce gaɓar farko da take lalacewa. Saifa matata ce ta jini, a cikinta jini yake tafiya a hankali ta ƙananan hanyoyi inda oksijin yake da ƙaranci, yanayin da ya fi dacewa da lanƙwashewar ƙwayoyin S, saboda haka tun shekarar farko takan fara toshewa, kuma kafin yaro ya kai shekara biyar yawanci ta daina aiki. Saifa ce take kama wasu bakteriya masu rufin santsi da suke kuɓuce wa masu haɗiya, musamman wadda take haddasa limoniya da sanƙarau, kuma idan babu ita, zazzaɓin da ya fara da safe yana iya kashe yaro kafin dare. A watannin farko jariri yana cikin kariya biyu, antibodin uwarsa da kuma himogilobin F, wato na ɗan tayi, wanda ba ya da sarƙar beta kuma yana hana S mannewa, amma duka biyu suna janyewa wajen wata shida, daidai lokacin da iyaye suke fara ganin kumburin yatsu. Uwar da take haihuwa yaran suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kafin yaye, wadda Hausawa suke cewa tana wabi, dalilanta na iya zama da yawa, amma a ƙasar da aure ɗaya cikin 16 yake haɗa AS biyu, babu shakka sikila tana cikinsu.

Wannan bayani yana da muhimmanci saboda ya nuna cewa yawancin mutuwar ƙananan yara masu sikila ta hanyar cuta mai shigowa take zuwa, kuma ana iya tare ta da abu mai araha. Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 1986 ya nuna cewa ba yara fenisilin kullum ya rage mummunar kamuwa da waccan bakteriya da kashi 84 cikin ɗari. A Jamaika, inda Graham Serjeant ya fara bin jarirai masu sikila tun daga haihuwa a 1973, an koya wa iyaye mata su riƙa taɓa gefen hagu na cikin yaro ƙarƙashin haƙarƙari, su garzaya asibiti idan saifa ta kumbura farat ɗaya ta tara jini, kuma mutuwa ta wannan hanya ta ragu ƙwarai. A Kumasi ta Gana, Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci fara gwajin jarirai a 1995. A Ingila da Amurka, inda ake gwada kowane jariri a haɗa masa da fenisilin da allurar rigakafi da kulawa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu sikila suna kaiwa girma, da ƙwayar gado iri ɗaya da ta yaran Garki.

Ƙarin jini, wanda masu sikila suke yawan buƙata, wani wuri ne da gado da garkuwa suke karo, kuma a nan ya dace a raba abubuwa biyu da jama'a suke cakuɗawa. Jinotaif, wato AA ko AS ko SS, bayani ne a kan himogilobin da ke cikin ƙwaya, rukunin jini kuwa, wato A, B, AB da O da Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901, bayani ne a kan antijin da ke bayan ƙwaya, kuma ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 9, saboda haka A na wannan ba shi da alaƙa da A na wancan. Mai rukunin O yana da antibodi a kan A da B, idan aka sa masa jininsu garkuwarsa za ta farfasa shi. Bayan waɗannan akwai wasu antijin da yawa, kuma wanda ake ƙara wa jini akai-akai yakan ƙera antibodi a kansu har samun jinin da ya dace da shi ya yi wuya. Antijin Rh yana da nasa haɗarin a haihuwa, domin uwar da ba ta da shi, idan ta ɗauki cikin ɗan da ya gaje shi daga uba, jikinta yana iya ƙera antibodi lokacin haihuwa waɗanda za su afka wa jinin ɗan ciki na gaba, abin da allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa take hanawa.

Dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin aure har da na jinotaif, mataki ne mai ma'ana, sai dai amfaninta ya dogara ga abubuwan da doka ba ta iya rubutawa. Gwajin da yake duba lanƙwashewar ƙwaya kawai ba ya raba AS da SS, ba ya kuma ganin C, wanda aka ƙara wa jini cikin watanni uku sakamakonsa na iya ruɗarwa, kuma gwajin da aka yi bayan an kai lefe an sa rana ya zo a makare, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga dangi biyu. Bai dace kuma a mayar da AS tabo ba, domin mutum ɗaya cikin huɗu ba a ware shi, kuma aurensa da AA ba ya haifar da SS. Abin da ya fi damun mai nazari shi ne yadda maganar kafin aure ta cika kunnuwa har ta rufe maganar yaran da aka riga aka haifa, waɗanda ɗigon jini daga diddige a makon farko zai iya sa a san su kafin saifarsu ta mutu.

Warkewa gaba ɗaya tana yiwuwa ta dashen ɓargo, tunda a ɓargo ake ƙera jini, kuma a nan ma garkuwa ce mai tsaron ƙofa. Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da wasu furotin da ake kira HLA, waɗanda umarninsu yake kan kuromosom na 6, suna aiki kamar tsagen gado a fuska wanda ake gane ɗan gida da shi, kuma ƙwayoyin T suna afka wa duk wanda tsagensa ya saɓa. Nau'o'in HLA dubbai ne, amma ana gadonsu a dunƙule, dunƙule ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, saboda haka damar shaƙiƙi ya dace da shaƙiƙinsa ɗaya ce cikin huɗu, lissafin Mendel ɗin nan dai. An yi dashen farko ga mai sikila a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a yi amfani da fasahar gyara DNA mai suna CRISPR a kashe makunnin da yake dakatar da himogilobin F bayan haihuwa, a mayar masa da su, ta yadda jininsa zai koma ƙera himogilobin ɗin da ya kare shi yana jariri, kuma tunda ɓargonsa ne babu batun saɓanin HLA. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, ban da jinyar makonni da magunguna masu ƙarfi da ake share tsohon ɓargo da su. Haidiroksiyuriya, ƙwayar magani da aka amince da ita don sikila a Amurka tun 1998, ta wannan hanya ta ɗaga himogilobin F take aiki, ko da yake ba ta kai can ba kuma sai an riƙa sha kullum ana duba jini. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gwada ta a kan yaran da na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka sami cewa ko ƙaramin awo yana rage haɗarin, a wurin da ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai.